Ga masu gyaran firij da AC da suka sauka Ingila: kar ku taɓa gas sai da takarda

Assalamu alaikum 'yan uwa. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan, cikin wata biyun nan ƙannenmu uku sababbin zuwa suka same ni da magana iri ɗaya, kowa na cewa yaya ni fa na iya aikin firij da AC tun ina yaro, a samo min inda zan riƙa cika gas. Na ukun ma har ya riga ya sayi silinda a hannun wani mutum a bayan mota. Wallahi sai da gabana ya faɗi, don hanyar da na bi kenan na sha baƙar wahala, kuma ba na so wani namu ya sake binta.

Maganar lambar inshorar aiki da buɗe asusun banki da rajista da likita ba sai na ɓata muku lokaci ba, duk wanda ya kwana biyu a nan zai nuna muku, mutanenmu Alhamdulillah ba sa ƙyashin wannan. Inda ake faɗuwa shi ne takardar F-gas, wato satifiket ɗin da doka ta ce sai kana da shi kafin ka taɓa gas ɗin firij da AC.

Ni lokacin da na zo ban taɓa jin sunanta ba. Na shiga shagon masu sayar da kayan sanyi da ƙarfin gwiwata na ce a ba ni gas ɗin R404A, mutumin ya ce ina satifiket. Na ciro waya ina nuna masa hotunan ayyukan da na yi shekara da shekaru, kwampireso nawa na canza, ɗakin sanyi nawa na haɗa da hannuna, ya kalla har ya yaba, sannan ya ce ko gram ɗaya ba zai sayar min ba don doka ta hana. Na fita raina a ɓace ina ganin wulaƙanci ne kawai saboda ni baƙo ne. Da na tsaya nan na tambayi wanda ya sani da na huta, amma sai wani ya haɗa ni da mai kawo gas ta bayan fage, silinda irin wadda ba a sake cikawa, in ta ƙare a jefar, alhali tun 2007 aka haramta irinta a nan da duk Tarayyar Turai. Da ita na karɓi aikin ɗakin sanyi a wani shago. Na sami inda yake yoyo, kuma kamar yadda na saba na kwance bawul na bar sauran gas ɗin ya fice iska, yana huci har fayif ya yi farin ƙanƙara, na yi walda na cika na tafi ina murna. Bayan sati uku injiniyan da ke duba musu na'urar ya zo, ya buɗe littafin na'urar ya ga babu wanda ya rubuta komai, ga sabuwar walda ga gas da ba a san daga ina ya fito ba. Mai shagon ya kira ni yana ta faɗa, ya riƙe kuɗin aikina, ya ce in ƙara magana zai kai ni Hukumar Muhalli. A lokacin ne na ji cewa sakin gas da gangan tararsa tana iya kai wa fam 200,000. Kwana uku ban yi barcin kirki ba, ga takardun zama na da nake lallaɓawa. Wata takwas na yi ina ɗaukar kaya a sito kafin na tara kuɗin kwas.

To ku saurara da kyau. Takardar da yawanci ake nema a nan ita ce City & Guilds 2079, kuma mataki huɗu ne. Na ɗaya shi ne cikakke, da shi za ka haɗa, ka gyara, ka zuƙe gas, ka duba yoyo a na'ura komai girmanta. Na biyu ƙananan na'urori ne masu ƙasa da kilo 3, na uku zuƙe gas kawai a ƙananan, na huɗu kuma duba yoyo ba tare da ka buɗe layin gas ba. Kar wani ya ruɗe ku da mai araha, in sana'ar za ka ci da ita to na ɗayan za ka yi. Akwai jarabawa a kwamfuta akwai ta hannu, ta hannun ba ta ba mutanenmu tsoro don wallahi muna da hannu, na ga yaronmu da malamin kwas ya tsaya yana kallon waldarsa yana kiran sauran ɗalibai su zo su gani. Ta kwamfutar ce ke kayar da mu, saboda ba a zauna an karanta lissafin ba, ana ganin ai na sani. Sannan abin da ya ƙara cinye min wata guda, ashe in kai kaɗai kake aiki da sunanka, takardarka ta kanka ba ta isa ba, sai ka ƙara da satifiket na kamfani daga wuri irin REFCOM, masu yi wa kamfanonin aikin gas rajista. AC na mota kuma takardarsa daban. Kuma dan Allah a daina aron lambar satifiket ɗin wani a sayi gas, kai da shi duka kuke jefa kanku a rami.

A ajin kwas ɗin ne na gane dalilin duk wannan tsanani, kuma abin ya taɓa ni sosai. Malamin ya rubuta 3922 a allo, ya ce kilo ɗaya na R404A in ya shiga sama yana riƙe zafi kamar kilo 3922 na iskar kabon. R410A da ke cikin AC 2088 ne, R134a 1430, R32 kuma 675. Na zauna na lissafa abin da na saki a shagon nan, wajen kilo 6, ya haura tan 23, cikin minti kaɗan da hannuna. Sai na tuna duk shekarun da na yi ina kwance bawul ba tare da tunanin komai ba, kuma ƙasashe masu zafi da ƙarancin ruwa su ne suka fi ɗanɗana kuɗar ɗumamar duniya. Mu an koya mana maganar ozon ne kawai, wato iskar da ke can sama tana kare mu daga hasken rana mai cutarwa, yarjejeniyar Montreal ta 1987 da ta kori tsofaffin gas R12 da R22, muka ɗauka waɗanda suka maye gurbinsu ba su da laifi. Ozon kam ba sa taɓa shi, amma zafi suke tarawa, shi ya sa a 2016 ƙasashe suka taru a Kigali suka amince a riƙa rage su.

Shi ya sa a nan komai a rubuce yake. Masu shigo da gas ƙasar suna da iyakar abin da aka yanka musu, kuma ana rage shi mataki mataki, tun 2021 ma Birtaniya ke tafiyar da nata lissafin daban da na Turai. Na'urar da gas ɗinta ya kai tan 5 a ma'aunin kabon sai an duba yoyonta duk wata 12, tan 50 duk wata 6, tan 500 duk wata 3. Kar tan 5 ya yi muku kama da abu mai yawa, kilo 2.4 ne kacal na R410A, na R404A ma bai kai kilo ɗaya da rabi ba. Kilo sau lambar riƙe zafi ta gas ɗin, kamar 2088 na R410A, ka raba da 1000, shi kenan lissafin. In ka gyara yoyo sai an koma an sake dubawa cikin wata ɗaya. Abin da ka zuba da abin da ka zuƙe duk ka ɗora a sikeli ka rubuta, da kwanan wata da sunanka, kuma shekara 5 ake ajiye takardun. Har iskar sama ma aunawa ake yi, akwai tasha a Mace Head a gaɓar tekun Ayalan da ke shaƙar iska tana ƙirga waɗannan gas, a gwada da abin da ƙasashe suka ce sun fitar.

Abin da ke ƙona min rai shi ne mai cewa ai wa zai gan ni. Ƙanena, injiniyan da zai zo bayanka zai gani, kuma in aka kama ɗaya sunanmu duka ake ɓatawa, bayan akwai dattawanmu da suka yi shekaru suna gina amana har manyan kantuna ke kiransu. Ka sayi injin zuƙe gas da silindar ajiya da sikeli tun kafin ka sayi mota.

Ko ba makaniki ba ne kai akwai naka. Kar ka sa wuƙa kana kankare ƙanƙarar firiza a gidan haya, wata 'yar uwarmu ta huda nata haka, mai gidan ya cire kuɗin sabon firij daga difozit ɗinta, kuma firij na gida yanzu yawanci R600a ne a ciki, wanda ke kama wuta. Ka kashe shi ka bar ƙofa a buɗe ya narke da kansa. Tsohon firij kuma ba a ajiye shi bakin titi, ka kira kansul su ɗauka ko ka kai wurin tara shara na unguwa inda za a zuƙe gas ɗin. In ka sayi AC mai rabi ciki rabi waje, mai takarda ne zai haɗa maka.

Shi wanda ya sayi silindar nan mun riga mun kai ta wurin masu karɓar gas su lalata, kuma ya yi rajistar kwas na wata mai zuwa. Littattafaina na nan har yanzu, duk mai so ya zo ya ara, in ranar Lahadi ce ma sai mu zauna mu bi lissafin tare kafin ya shiga jarabawa.