Kafin ku ja 'yan 419 da hira

'Yan uwa masu jan 'yan 419 da hira don ɓata musu lokaci, don Allah kada ku amsa da imel ɗinku na gaskiya. Ku buɗe sabo, ba sunanku, ba lambar waya. Takardar gado ko ta kwangila da suka liƙo, kada ku buɗe, wani lokaci ƙwayar cutar kwamfuta ce a ciki. Da sun ce a turo kuɗin lauya kafin miliyoyin su fito, ko kobo kada ya fita.

Abin da ya fi damuna shi ne masu karɓar kuɗi daga hannun 'yan 419 ɗin da sunan ramuwa; wataƙila gumin wani bawan Allah ne da aka damfara. Ku adana saƙonnin, ku kai wa EFCC.