Gwajin Bitamin D na Yara: Inda Aka Fi Tafka Kuskure

Babban kuskuren tun wajen rubuta takardar gwaji yake faruwa. Akwai gwaji biyu masu suna kusan iri ɗaya, 25(OH)D da 1,25(OH)2D, kowanne na auna wani nau'in bitamin D a jini. Na farkon shi ke nuna ajiyar da ke jikin yaro, don sai ya yi mako 2 zuwa 3 kafin rabinsa ya ƙare a jini. Na biyun 'yan sa'o'i yake yi. Abin da ya fi damuna shi ne, yaron da ke cikin ƙaranci sosai na iya nuna na biyun daidai, ko ma ya haura, saboda sinadarin PTH, mai daidaita kalsiyam a jini, yana matsa wa ƙoda ta ƙara sarrafa shi. Sai a sallami yaro a ce lafiyarsa ƙalau. A duba sunan gwajin kafin a ɗebi jini.

Sai ma'auni. Wani ɗakin gwaji da ng/mL yake rubutawa, wani da nmol/L, kuma ninki 2.5 ne tsakaninsu, wato 1 ng/mL daidai yake da 2.5 nmol/L. Sakamakon 30 a ng/mL wadata ce. 30 a nmol/L kuwa bakin iyakar ƙaranci ne, bisa matsayar da masana ciwon ƙashin yara suka fitar a 2016: ƙasa da 30 ƙaranci, sama da 50 ya isa.

Jarirai 'yan ƙasa da shekara ɗaya na da nasu sha'anin. Jininsu kan ɗauki wani sinadari mai kama da 25(OH)D da ake kira C3-epimer, na'urar da ba ta raba su kuwa sai ta haɗa su wuri guda, adadi ya kumbura. A tambayi ɗakin gwajin ko hanyarsu na ware shi, kuma ko suna cikin tsarin tantance inganci irin DEQAS na Ingila.

Kada a yi gaggawar maimaitawa bayan fara magani, a jira kamar wata 3, a koma wurin da aka yi na farko, don na'urori na saɓawa. In yaro na shan biotin (wani nau'in bitamin B), a faɗa, yana gurɓata wasu gwaje-gwajen.

Ƙafar yaro na iya lanƙwashewa alhali bitamin D ɗinsa bai yi ƙasa ba, ƙarancin kalsiyam a abinci ne ya jawo. Irin wannan yaro sai an haɗa masa da gwajin ALP (sinadarin jini da ke nuna aikin ƙashi), kalsiyam, fosfet, da hoton wuyan hannu da gwiwa.