Mai son haɗa wasan ban tsoro, ya fara da sauti

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Duk mai niyyar haɗa wasan kwamfuta na ban tsoro, shawarata ya fara da sauti kafin zane. Na yi makonni ina zana dodo a Krita, manhajar zane, amma waɗanda suka gwada wasan ko gezau ba su yi ba. Ƙarar ƙofa ce ta tayar musu da tsikar jiki.

Na ɗauki kukan ƙyauren ɗakina da waya, na shigar da shi Audacity, manhajar gyaran sauti, na rage masa gudu har ya koma kamar nishin mutum, na ɗan ƙara amsa-kuwwa. A Godot kuma, wato manhajar da nake haɗa wasan da ita, na sa shi cikin AudioStreamPlayer3D, abin da ke fitar da sauti daga wani wuri a cikin wasan, na ajiye a bayan ɗan wasa, sai ya riƙa jin kamar wani na tsaye a ƙeyarsa. Kada ku yawaita shi, shirun da ke tsakani ya fi razanarwa.

Godot na ƙarƙashin lasisin MIT tun 2014, wato lasisin da ya ba kowa damar amfani da shi kyauta, ko sayar da wasan za ku yi ba ku biyan kowa kamasho. Sautin da kuka sauke daga intanet dai a duba lasisinsa: in lasisin CC BY ne sai an ambaci mai shi, in CC0 ne ba dole.