Girkin dare a zafin Madina: ki fara da sanin ganye

Idan kin sauka Madina tsakanin Yuni da Satumba, zafi ne zai fara yi miki barka da zuwa. Ba irin namu na bazara ba ne da ake zuba ido a ga hadari ya haɗo daga gabas. Nan ma'aunin zafi yana haura 40 kusan kullum, wata rana ya doshi 45, kuma babu daminar da za ta zo ta raba gardama. Hukuma ma ta hana aiki a cikin rana daga ƙarfe 12 zuwa 3, tun daga 15 ga Yuni har 15 ga Satumba. A irin wannan yanayi ne zuciyarki za ta raya miki ki kira 'yan'uwan da suka tarbe ki, suka raka ki neman gida, su zo su ɗanɗana girkinki. Ki kira su, ƙanwata, kada ki jira sai sanyi ya shigo. Sai dai ki yi girkin da ya dace da garin, kuma Allah ya hore wa garin nan abin da zai sauƙaƙa miki, wato ɗanyen ganye.

Madina garin gonaki ce tun fil azal. Wajen Ƙuba da Awali har yau ana noma, kuma na'a-na'ar Madina ta yi suna a duk faɗin Saudiyya, har matafiya kan tsaya a bakin hanyar fita gari su sayi ɗauri-ɗauri su kai tsaraba Jidda da Riyad. Ba iri ɗaya ba ce. Akwai Magribi, akwai Hasawi, sannan ga 'yan'uwansu na shayi: habak, dosh, nammam da idira. Ki tsaya gaban mai sayarwa ki ce ya nuna miki su ɗaya bayan ɗaya, ki murza ganye a yatsa ki shinshina. Hanci ya fi kunne riƙe waɗannan sunaye.

Wasu ganyayen kuwa tsofaffin sani ne, suna kawai suka sauya. Mulukiyya lalo ce, bamiya kuɓewa, karkade soɓorodo. Raihan ɗan gidan su ɗaɗɗoya ne, ko da yake ƙamshinsa ya fi sanyi. Jarjir yana da ɗan yaji-yaji da zai tuna miki lansir. Biyun da suka fi rikita baƙo su ne kuzbara da bakdunis, don a ido kamar Hassana da Usaina suke. Kuzbara ce mai ƙamshi mai ƙarfi, ganyenta ya fi laushi; bakdunis ya fi duhun kore, bakin ganyensa ya fi tsini. A halaga, wato babbar kasuwar kayan gwari, ko a bakala, wato ƙaramin shagon unguwa, ki ce a ba ki hizma ɗaya, ɗauri ɗaya ke nan, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Ga wani abu da ya taɓa ɓata mini girki a shekarata ta farko, har yau ina jin ciwonsa idan na tuna. Tankin ruwa a kan rufin bene yake, rana na dukansa wuni guda, saboda haka ruwan famfo da rana kamar an sauke shi daga wuta yake fitowa. Na wanke jarjir da shi, kafin baƙi su iso ya yi laushi tiɓis. Ki tari ruwa tun da asuba a roba, ko ki jefa ƙanƙara a ciki. Ki tsoma ganyen ki ɗago shi sau biyu ko uku don ƙasar gona ta kwanta a ƙasan robar, ki tsane shi sarai, ki naɗe a tsumma mai tsabta ki sa a firji. Raihan ne kaɗai ba ya son sanyin firji, baƙi yake yi. Ki tsoma gindinsa a kofin ruwa ki ajiye a inuwa.

Ranar Alhamis da dare ta fi dacewa da gayyata, tunda Juma'a da Asabar ne hutu, kuma abincin dare a nan sai bayan isha'i. Wannan ya yi miki daidai ta fuska biyu. Za ki yi aikin wuta da sassafe, ko bayan la'asar sakaliya. Sannan ɗanyar tafarnuwa da albasa ba za su shiga tsakanin kowa da masallaci ba, kin san hadisin da ya hana wanda ya ci su, har da kurras, wani ganye ɗan gidan albasa, kusantar masallaci.

Me za a dafa? Ni dai ina ganin kaza ɗaya ko biyu a farfesu mai ruwa-ruwa, da citta da kanumfari da masoro, ta fi naman da aka soya cikin mai. Ki bar raihan sai kin kashe wuta, ki yayyaga shi da hannu ki watsa, ki rufe tukunyar minti biyu. Idan ya daɗe a wuta ƙamshin ya tafi ke nan. Shinkafa fara ta wadatar, ki barbaɗa mata yankakken bakdunis. A gefe kuma ki yi dakkus, ɗanyen yajin mutanen Hijaz: tumatir, barkono kore, tafarnuwa, kuzbara, gishiri da lemun tsami, a markaɗa su sama-sama. Wanda ya saba da yaji a gida ba zai yi kewa ba.

Amma abin da nake so ki ba ƙarfi shi ne kwaɗo. Ranar da na fara kwaɗa jarjir da ƙuli-ƙulin da na zo da shi, da albasa da tumatir da ɗan man gyaɗa, wata baiwar Allah da ta shekara fiye da talatin a ƙasar nan ta ɗebi loma ɗaya ta yi shiru, can ta ce, "'Yata, kin mayar da ni tsakar gidanmu." Idan ƙulinki ya ƙare, ki nemi shagon 'yan Sudan ki tambayi dakwa. Ba dakuwarmu ta aya ba ce, niƙaƙƙiyar gyaɗa ce. Ki dama ta da lemun tsami da ɗan ruwa. Kada ki kwaɗa sai an shimfiɗa sufura, wato shimfiɗar da ake jera abinci a kai, don gishiri yana kwantar da jarjir nan take.

Zoɓo kuma ki jiƙa karkade tun dare a ruwan sanyi, da safe ki tace, ki jefa na'a-na'a Magribi reshe-reshe ki bar ta a ciki. In akwai yara, ki yanka kokwamba ƙanana a cikin zabadi, kindirmonsu ke nan, da ɗan gishiri da na'a-na'a.

Da baƙi sun zauna ki fara miƙa dabino. Lokacin ruɗab ne, dabino ɗanye da ya nuna a kan bishiya, kuma rusana, wani irin dabinon Madina, in ta yi sanyi a firji ba a ba yaro mai ƙiwuya. Idan da maza a cikin baƙin, ki shirya tire biyu tun a kicin, nasu ya tafi majalisi, wato ɗakin baƙi.

Na san za ki so ki shuka naki. Ki ɗan dakata. Duk abin da kika ajiye a baranda yanzu, rana da iskar bayan na'urar sanyaya ɗaki za su ƙone shi. Kuzbara da bakdunis da jarjir sai Oktoba. Na'a-na'a kuwa ki zaɓi rassa uku masu ƙwari daga ɗaurin da kika saya, ki cire ganyen ƙasa, ki sa a kofin ruwa kusa da taga. Cikin mako ɗaya zuwa biyu za ki ga saiwa fara, sai ki mayar da su kasko.

Bayan an naɗe sufura ki dafa shayi ja, mara madara. Ki sa reshen habak a buta bayan kin sauke, ki kawo sauran ganyen a faranti, kowa ya tsinki wanda ransa yake so ya jefa a kofinsa.