Babi na Bakwai: Karanta Saƙon da Ya Ce Waya Ta Lalata Ƙwaƙwalwar Yara

Wannan babi ya samo asali ne daga wata ranar Laraba da wata baiwar Allah daga cikin ɗaliban ajin yamma ta shigo da waya a hannu, idanunta sun yi ja, ta ce mini: "Malam, karanta mini wannan, an ce ƙwaƙwalwar ɗana ta riga ta lalace." Saƙo ne aka turo a zauren WhatsApp na matan unguwarsu, ɗauke da hoton ƙwaƙwalwa guda biyu, ɗaya ja ɗaya shuɗiya, kuma tun kafin ta iso aji ta ƙwace wayar yaron ta kulle a akwati, ta kuma tura saƙon ga ƙannenta uku. Da muka zauna muka bi shi harafi bayan harafi, sai muka tarar babu sunan wanda ya yi binciken, babu garin da aka yi shi, babu shekara. Ban ga laifinta ba, domin duk wadda aka ce mata kan ɗanta ya taɓu dole hankalinta ya tashi.

Yawancin irin waɗannan maganganu daga Amurka da Birtaniya suke tasowa, inda aka daɗe ana jayayya a kansu. A 2009 wata masaniyar ƙwaƙwalwa mai suna Susan Greenfield ta yi gargaɗi a majalisar dattawan Birtaniya cewa shafukan sada zumunta za su iya sauya tunanin yara, a 2015 kuma wasu masana uku suka rubuta a wata mujallar likitocin ƙasar cewa hujjojinta ba su kai girman maganarta ba. Har yau ba a gama wannan jayayya ba. Kafin maganar ta iso wayarku ta bi hannu goma, an fassara ta, an yanke mata wutsiya, an ƙara mata gishiri.

Darasi na Ɗaya: A Kwafe Saƙon Kafin a Taɓa Kibiya

Ku tanadi littafin rubutu da fensir. A gefen saƙo akwai wata 'yar kibiya mai lanƙwasa wadda ake dannawa idan za a tura wa wani, kuma a wannan darasi ba za mu taɓa ta ba. Idan kun ga kibiya biyu a saman saƙon, alama ce ta cewa an yi ta tura shi sau da yawa, amma yawan turawa bai zama shaidar gaskiya ba. Ku kwafe wannan saƙo, wanda na tsara bisa irin waɗanda kuke kawo mini:

"Masana sun gano cewa kallon waya yana da alaƙa da sauyi a ƙwaƙwalwar yara. Waya tana lalata ƙwaƙwalwa kamar ƙwaya. Tura wa duk wanda kake ƙauna."

Ku ƙirga ɗigon da ke ƙarshen kowace jimla, za ku samu uku, wato jimla uku ke nan. Ku rubuta kowace a layinta, ku bar layi ɗaya fanko a tsakaninsu. Wanda hannunsa bai yi sauri ba kada ya damu, sannu ba ta hana zuwa, kuma babu wanda zai tashi daga aji sai kowa ya gama.

Darasi na Biyu: Kalmar "Alaƙa" da Kalmar "Haddasa"

Wannan shi ne darasin da ya fi kowanne kayar da ɗalibai, saboda haka za mu daɗe a kansa. Ku ɗora yatsa a jimla ta farko, ku bi ta a hankali har ku iso kalmar da ta fara da harafin a, wato alaƙa. Ku ja mata layi a ƙasa. Ku furta ta da ƙarfi sau uku: a-la-ƙa.

Idan aka ce abu biyu suna da alaƙa, ana nufin an gan su tare. Idan aka ce wannan ya haddasa wancan, ana nufin shi ne ya jawo shi. Ku lura da lokacin hunturu: cinikin mai shayi yana ƙaruwa, faso kuma yana ƙaruwa a dugadugan mutane. Shayi da faso suna da alaƙa, tunda tare suke zuwa, amma babu mai hankalin da zai ce shayi ne ya fasa masa ƙafa. Sanyi da bushewar iska ne suka kawo su duka biyun. Haka kuma idan kun leƙa kemis za ku tarar yawancin masu shiga ba su da lafiya, alhali ciwon ne ya kai su, ba shagon ne ya ɗora musu ciwo ba.

Yanzu ku mayar da wannan kan waya. Idan aka tarar yarinyar da ta fi daɗewa a kan waya ta fi shiga damuwa, hanya uku ce a buɗe. Mai yiwuwa wayar ce ta jawo damuwar. Mai yiwuwa damuwar ce ta sa yarinyar ta ƙaurace wa mutane ta koma ɗaki ta rungumi waya, kamar mara lafiya da kemis. Mai yiwuwa kuma wani abu ne na uku, kamar rigimar gida ko rashin barci ko tsangwamar abokai, ya kawo duka biyun, kamar hunturu. Kalmar alaƙa ba ta zaɓar mana ko ɗaya daga cikin ukun.

Ku sake ɗora yatsa a jimla ta farko. Wace kalma kuka ja wa layi? Alaƙa. Ku sauka zuwa jimla ta biyu, ku nemo kalmar lalata, ku zagaye ta. A nan gizo ke saƙar: jimla ta farko ta ce an ga abu biyu tare, jimla ta biyu ta yi tsalle ta ce ɗaya ya lalata ɗaya, kuma babu wata gada a tsakaninsu. Masana ne suka faɗi ta farko, ta biyun kuwa mai tsara saƙon ne ya ƙara daga aljihunsa.

An taɓa yin irin wannan tsalle a gaban duniya. A Amurka akwai wani babban bincike da ke bin yara sama da 11,000 tun suna shekara 9 da 10, ana ɗaukar hoton ƙwaƙwalwarsu yayin da suke girma. A ƙarshen 2018 wani shirin talabijin na ƙasar ya ba da labarin cewa a cikin yaran da ke kallon allon waya ko na kwamfuta fiye da awa 7 a rana an ga ɓawon ƙwaƙwalwa, wato shimfiɗar da ke samanta, ya rage kauri da wuri. A cikin shirin, jami'ar da ke kula da binciken ta faɗa da bakinta cewa ba su san ko allon ne ya jawo hakan ba, ba su kuma san ko abin illa ne ba, domin raguwar kaurin nan wani ɓangare ne na girman kowane yaro. Wannan wutsiya ce masu yaɗa labari suka fi yankewa.

Ga kuma girman alaƙar. A 2019 Amy Orben da Andrew Przybylski na Jami'ar Oksfod sun duba bayanan matasa sama da 350,000 na Amurka da Birtaniya. Sun sami alaƙa tsakanin amfani da na'urori da raguwar walwala, amma ƙarama ce, ba ta wuce kashi 0.4 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin matasan ba. Idan lissafin ya yi muku nauyi, ku ɗauke shi a naira 4 cikin naira 1,000. A cikin bayanan guda, yawan cin dankalin Turawa ma yana da alaƙa da raguwar walwala kusan daidai da haka, tsangwama a makaranta kuwa ta fi ta nauyi nesa ba kusa ba. Akwai masana irin su Jonathan Haidt da ke cewa idan aka ware 'yan mata da shafukan sada zumunta alaƙar ta fi haka girma, kuma ya kamata a saurare su.

Ku rufe littafi, kowa ya juya ga na kusa da shi ya ba shi misalin abu biyu da ke zuwa tare ba tare da ɗaya ya jawo ɗaya ba. Sannan ku buɗe, ku sake nemo alaƙa, ku sake ja mata layi na biyu. Na san wasunku suna cewa a ransu Malam ya cika maimaici, amma na ga Alhazai masu jikoki sun amsa daidai a aji, washegari suka zo suna ce mini waya ta haddasa, alhali takardar da ke hannunsu alaƙa ta ce.

Darasi na Uku: Sauyi da Lalacewa

A jimla ta farko akwai wata kalmar, sauyi. Ƙwaƙwalwa tana sauyawa da duk abin da mutum ya daɗe yana yi. A shekarar 2000 Eleanor Maguire ta auna direbobin tasi na Landan, waɗanda sai sun haddace dubban tituna kafin a ba su lasisi, ta tarar wani sashe na ƙwaƙwalwarsu mai kula da sanin hanya ya fi na sauran mutane girma. A 2010 kuma Stanislas Dehaene na Faransa da abokan aikinsa sun auna mutum 63 daga Burazil da Fotugal, waɗansu ba su iya karatu ba, waɗansu sun koya tun suna yara, waɗansu kuma sai da suka manyanta suka koya kamar ku. Sun ga cewa har a cikin waɗanda suka koya da girma, wani gurbi a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ya fara amsa wa haruffa.

Ke nan, iyayena, wannan zama da kuke yi a kan benci kuna fama da ƙ da ɗ yana sauya ƙwaƙwalwarku, kuma babu wanda zai ce ta lalace. Idan saƙo ya ce waya ta sauya ƙwaƙwalwar yaro, ku tambaya: me yaron ya daina iyawa? Kafin wannan ma, ku koma ku duba ko alaƙa aka rubuta ko haddasa.

Darasi na Huɗu: Hoton Ja da Shuɗi

Muna cewa gani ya kori ji, shi ya sa hoto ke saurin cin mu. Amma launukan nan ba a cikin kan yaro suke ba. Na'urar da ake shigar da mutum domin ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa tana bin sauyin iskar da ke cikin jini ne a sassan ƙwaƙwalwa, sannan kwamfuta ta yi lissafi, mai bincike ya zaɓi launin da za a shafa. Ja ba ya nufin ƙuna ko rauni.

Wani mai bincike a Amurka, Craig Bennett, ya taɓa sanya mataccen kifi a cikin irin wannan na'ura, aka nuna wa kifin hotunan mutane, kuma da aka yi lissafin ba tare da tacewar da ta kamata ba sai ga 'yan ɗigon launi a ƙwaƙwalwarsa, kamar yana tunani. Shi da abokansa sun gabatar da wannan a 2009 domin su ja kunnen 'yan uwansu masana.

A nan dole in faɗi abin da ba na son faɗa. Bayan mun yi wannan darasi da ajin bara, cikin mako guda mutum biyu daga cikinsu suka turo mini hoton nan na ja da shuɗi, ni da na koyar da su, har da rubuta "Malam ka gani". Wannan ba rashin iya karatu ba ne, gaggawa ce da ƙyuya. Kun baro kasuwa da girki kun zo nan, kun sha wahalar koyon baƙi da wasali, sannan hoto ɗaya ya sa ku watsar da komai? An ce da kare ana biki a gidansu, ya ce in gani a ƙasa. Ku nemi sunan mai binciken, da wurin, da shekarar, da yawan yaran da aka auna, sannan ku nemo kalmar da muka ja wa layi.

Darasi na Biyar: Dofamin

Za ku ga wannan kalma a saƙonnin da ke kwatanta waya da ƙwaya. Dofamin wani sinadari ne da ƙwaƙwalwar kowa ke amfani da shi wajen motsi da koyo da ɗokin samun abu, kuma ƙarancinsa ne ke kawo cutar nan mai sa karkarwar hannu da ake kira Fakinsin. Yana motsawa idan mai yunwa ya hango tuwo, saboda haka motsinsa shi kaɗai bai mayar da abu ƙwaya ba. Yaron da ke kwana a kan waya har ya kasa tashi sallar asuba da makaranta yana da matsala ta gaske, kuma idonku ya isa ya gane ta ba sai da hoton ƙwaƙwalwa ba. Idan ya daina cin abinci ko ya daina magana da mutane, a kai shi asibiti.

Darasi na Shida: Aikin Gida

Kowa ya nemo saƙo ɗaya irin wannan a wayarsa ko ta maƙwabcinsa, ya kwafe shi a littafi, ya ja layi a ƙarƙashin alaƙa, ya zagaye haddasa ko lalata ko jawo. A zo da fensir, domin na aro sun ƙare.