Darasi na 7: Me ke sa dashen haƙori ya kama?

Duk wanda ke zaune a Makka ko Jidda ya san haƙorin Makka. Wannan ado ne, hular ƙarfe ake sa wa haƙorin da ke nan. Dashen haƙori daban yake. Likita ne zai huda ƙashin muƙamuƙi, ya ɗaura ɗan sukuru na ƙarfen titaniyam a gurbin saiwar da ta fita. Wani likitan ƙasar Suwidin, Branemark, shi ya fara yi wa mutum wannan aiki a 1965. Bayan an ɗaura sai a jira wata 3 zuwa 6 ƙashi ya rungume ƙarfen, sannan a ɗora haƙorin a kai. Muƙamuƙin sama ya fi jinkiri, domin ƙashinsa ya fi taushi. A cikin dashe 100, fiye da 90 suna kaiwa shekara 10 lafiya.

To, sauran me ke kayar da su?

Akwai wani dattijo maƙwabcina a Jidda. Ranar da za a yi masa dashe likita ya tambaye shi, "Baba, kana da ciwon suga?" Ya ce, "Ɗan kaɗan ne, likita." Bai ambaci sigarin da yake zuƙa bayan kowane shayi ba. Wata biyu ba su cika ba dasashi ya kumbura, ruwan mugunya na fita, ƙarfen yana motsi in ya taɓa shi da harshe. Dole aka cire. Na ga yadda ya koma jiƙa burodi a shayi kafin ya iya ci, abin ya dame ni ƙwarai.

Sugan da ya hau yana hana rauni warkewa. Mai suga zai iya yin dashe, amma sai ya daidaita shi tukuna. Akwai gwajin jini mai suna HbA1c da ke nuna sugan kimanin wata 3 da suka wuce, kuma likitoci sun fi son ganin 7 ko ƙasa da haka. Taba kuwa tana tsuke jijiyoyin jinin dasashi. Sigari, shisha da shamma da ake dannawa a leɓe, duk ka faɗa wa likita. Ka faɗi in kana cizon haƙora cikin barci, ko kina shan maganin ƙarfafa ƙashi, ko an taɓa gasa maka muƙamuƙi saboda ciwon daji. Ciwon dasashi ma sai an magance shi kafin a fara.

Likita ma da nasa kason. Sai ya ɗauki hoto ya auna kauri da tsayin ƙashin, ya ga inda jijiya ta bi. In ƙashin ya zaizaye, akan yi masa ciko. Lokacin huda yana zuba ruwan gishiri mai sanyi, domin zafin da ya kai digiri 47 na minti ɗaya yana kashe ƙashi.

Bayan dashe, buroshi safe da dare, a riƙa tsabtace tsakanin haƙora, a kuma koma wurin likita duk lokacin da ya sa.

Aikin gida: rubuta sunan duk maganin da kake sha a takarda, da awon suganka na ƙarshe. Ka zo da ita aji mu karanta tare.