Allo biyu, kwamfuta ɗaya: kurakuran da ke sa taga ta kumbura ko rubutu ya yi dishi-dishi

Mutum ya sayi allo mai inci 24, ya jona shi da kwamfutarsa ta cinya mai inci 14, dukansu biyu 1920 da 1080 aka rubuta a kwalinsu. Yana jan tagar wata manhaja daga wannan zuwa wancan, sai ta kumbura ta cika allon, ko rubutun ya yi dishi-dishi. Daga nan zargi ya koma kan allon, ko wayar HDMI, ko mai shagon da ya sayar masa. Yawanci ba laifin ko ɗaya daga cikinsu ba ne.

Yawan ɗigon da ke allon biyu, wato ƙananan ɗigogin haske da ke haɗuwa su zama hoto, ɗaya ne, faɗin da aka zuba su a ciki ne ya bambanta. A mai inci 14, kowane inci na ɗauke da ɗigo kusan 157. A mai inci 24 kuwa kusan 92 ne kacal. Ita Windows tun asali a kan lissafin ɗigo 96 a inci aka gina ta, shi take kira kashi 100. Kashi 125 ɗigo 120 ke nan, kashi 150 shi ne 144, kashi 200 kuma 192. Don haka ƙaramin allon zai fi daɗin karatu a kashi 150, babban ya zauna a 100.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne rage yawan ɗigon allo don rubutu ya ƙara girma. Mutum ya ga haruffa sun yi ƙanana, sai ya sauke 1920 da 1080 zuwa 1366 da 768. Rubutu ya girma kam, amma kaifinsa ya tafi, domin ɗigon allon na zahiri ba sa raguwa, dole sai an shimfiɗa hoton a kansu ta ƙarfi. Ka bar wannan lamba a inda Windows ta ce Recommended. Abin da za ka taɓa yana samanta kaɗan, a Settings, System, Display: danna hoton allon da kake nufi tukuna, sannan ka canza Scale ɗinsa, wato ma'aunin nan na kashi, shi kaɗai. Mutane da dama na manta wannan dannawar ta farko, sai su yi ta canza ma'aunin allon da lafiyarsa ƙalau.

Ƙanin wannan kuskure shi ne Custom scaling, inda ake rubuta kowace lamba daga 100 zuwa 500. Lambar da ka sa can za ta hau kan dukan allunan baki ɗaya, ta kuma kulle zaɓin kowannensu. In ka taɓa sa ta, kashe ta.

To, a ce kowane allo ya samu ma'auninsa, amma wata manhaja tana nan da hazonta. A nan ne ake ɓata lokaci sosai, domin matsalar a cikin manhajar take. Sai a Windows 8.1, a 2013, aka ba manhajoji damar sanin cewa kowane allo na da nasa ma'aunin, aka kuma inganta tsarin a sabuntawar Windows 10 ta 2017. Manhajar da aka rubuta a kan sabon tsari takan sake zana kanta da zarar ta tsallaka. Tsohuwa kuwa ma'auni ɗaya ta sani: ko dai kashi 100, ko kuma na babban allo, wato wanda aka yi wa alamar Make this my main display. Idan ta je ɗaya allon, Windows ce ke ɗaukar hotonta ta miƙe shi, kamar a buɗa hoton fasfo a ce ya zama na rataya a bango.

Maganin farko ba ya cin ko sisi. Allon da ka fi aiki a kansa shi za ka mayar babba, ka rufe manhajar ka sake buɗe ta. In ba ta washe ba, fita daga asusunka na Windows ka sake shiga da allon a jone, saboda wasu manhajojin ma'aunin lokacin shiga suke riƙewa. Wanda ke buɗe kwamfuta a gida ya zo ofis ya jona allo ba tare da ya fita ba, shi ya fi cin karo da wannan.

Sai in hakan bai yi ba za ka je ga fayil ɗin manhajar, ka buɗe Properties, Compatibility, Change high DPI settings. Zaɓi uku ne a can, kuma kuskuren shi ne a ɗauka Application ne maganin komai don wani ya ce ya yi masa aiki. Application na hana Windows miƙe hoton: rubutu zai yi kaifi, amma a allo mai yawan ɗigo maɓallai na iya komawa ƙanana har ka kasa danna su. System shi ne miƙewar da aka saba. System Enhanced na sake zana rubutun tsofaffin manhajoji da kyau, hotuna kuma a ci gaba da miƙe su. A ganina da shi ya kamata a fara gwaji. Kowane ka zaɓa, sai ka rufe manhajar ka sake buɗewa kafin ka yanke hukunci.

Kada ka bar taga ta raba ƙafa tsakanin allo biyu kana jiran ta yi daidai a dukansu. Ma'aunin allon da ya ɗauki mafi yawanta take bi, ɗaya ɓangaren dole ya fito ba daidai ba. Haka nan kibiyar linzami da ke maƙalewa a gefe: ja hotunan allunan a shafin Display ka daidaita su yadda suke a kan teburinka.

Masu Linux su fara duba wane tsarin nuna taga a allo suke kai, X11 ko Wayland. X11 ma'auni ɗaya ya sani wa dukan alluna, shi ya sa ake ta dabaru da xrandr, manhajar saita alluna. Wayland ne ke ba kowane allo nasa, ko da yake tsofaffin manhajojin da ke bi ta XWayland, gadar da ke ba manhajojin X11 damar aiki a Wayland, na iya yin hazo a ma'auni irin kashi 125 ko 150.

Ga masu rubuta manhaja kuma: idan taga ta tsallaka, Windows na aiko da saƙon WM_DPICHANGED tare da girma da wurin da ta ba da shawara. Yi amfani da su yadda suke. Wanda ya ce sai ya yi nasa lissafin, tagarsa kan kumbura har rinjayenta ya koma tsohon allo, wani saƙon ya sake zuwa, ta yi ta tsalle a bakin iyaka har sai mai ita ya saki linzami.